Na'urar Korar Ɓera Ta Kori Kyanwa

Da ɓeraye suka addabe ni, sai na sayo 'yar na'urar nan da ake jonawa a soket, wadda aka ce tana fitar da ƙarar da ta fi ƙarfin kunnen ɗan Adam. Na jona, fitilarta ta kama, shiru kake ji. Na kara kunne har kumatuna ya taɓa bango, ko ƙis. Ina cewa an yi mini sakiyar da ba ruwa ke nan, sai ga 'yata ta shigo da yatsu a kunne: "Baba, don Allah kashe abin nan, tsiii yake yi har cikin ƙwaƙwalwata!"

Kunnen mutum yana kama sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda. Abin da ya haura haka ba rabonmu ba ne. Sai dai wasu na'urorin kan zubo da ƙara ƙasa da 20,000, kunnen yaro kuwa ba ya barinta ta wuce. Can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, cike da ƙwayoyi masu gashi. Na bakin ƙofa su ke jin siririn sauti, su ne kuma shekaru da hayaniya ke fara kashewa, kuma ba sa sake tsirowa.

Na ce a gwada da manhajar waya. Yarinya ta ji har 18,000. Ni daga 13,000 labari ya sha bamban, amma na ci gaba da gyaɗa kai irin na manya. "Kana ji, Baba?" Na ce raɗau. Ta ce ai tun ɗazu ta kashe.

Mai son gwadawa kada ya ƙure ƙarar waya. Lasifika kan jirkita sautin ta haifar da wani na ƙasa, mutum ya ɗauka kunnensa ne gwani.

Kyanwa tana ji har wajen 64,000, don haka ta yi ƙaura zuwa maƙwabta ba sallama. Su kuwa ɓerayen ko a jikinsu. Irin wannan ƙara ba ta ratsa bango ko ƙofar kabad, katifa da labule suna shanye ta, wanda ta isa gare shi kuma yakan saba da ita. Uwargida ce ta gano kwalin na'urar a bayan kabad, an yayyage takardar bayanin an yi shimfiɗa da ita, har an haihu a kai.