Kogin Min da masu gaggawar cika buri

Duk wanda ya ce koyarwar Tao, tsohuwar falsafar ƙasar Sin, kasala ce, wai ƙa'idarta ta "wu wei" (yin aiki ba tare da tilasta wa abu ba) na nufin ka kwanta ka jira, to bai san Dujiangyan ba. Aikin ban ruwa ne a lardin Sichuan na ƙasar Sin, wanda gwamna Li Bing ya fara wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har gobe yana shayar da gonakin Chengdu. Yana kusa da dutsen Qingcheng, ɗaya daga cikin cibiyoyin Tao na farko, har UNESCO ta haɗa su wuri guda a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2000.

Burin Li Bing babba ne: kogin Min ya daina cinye ƙauyuka da ambaliya, ya koma ciyar da su. Mai zafin kai da ya tare kogin da bango. Shi bai tare ba. Ya sa aka saƙa dogayen kwanduna na gora, aka cika su da duwatsu, aka gina tsibiri mai tsini a tsakiyar ruwan, wanda suke kira bakin kifi. Nan kogin ya rabu biyu. Reshen ciki an yi shi mai zurfi da ƙunci, na waje mai faɗi marar zurfi. Da rani kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan kan bi na ciki zuwa gonaki. Da ambaliya ta zo sai lissafin ya juya, mafi yawa ya bi na waje ya wuce. A tsarin na asali babu ƙofar da wani ke buɗewa, siffar wurin ce ke yin aikin.

A ganina nan ne masu mafarkin kafa sana'a ke tuntuɓe. Mutum ya zuba jarinsa kaf a rana ɗaya, bai zauna ya ga yadda kasuwar ke hawa da sauka daga rani zuwa damina ba, bai kuma ware inda asara za ta zube ba. A Dujiangyan an ware: akwai wata gajeriyar katanga da ruwan da ya yi yawa ke tsallakewa, yana kwashe yashi da tsakuwa zuwa reshen waje. In ka ɗaga ta sosai, gonaki su nutse. In ka ƙasƙantar da ita, ruwa ya tsere. Kwatankwacinta a sana'a shi ne adadin da ka yanke tun farko cewa in asara ta kai shi, ka tsaya.

Kuma kada a ce babu wahala. Sai da aka fasa dutsen Yulei don reshen ciki ya samu hanyar zuwa gonaki, babu nakiya a lokacin: a hura wuta a jikinsa, a kwara masa ruwa, ya tsage, a sake. Amma mashiga ɗaya aka fasa, mai faɗin kusan mita 20, ba dutsen duka ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne yasa. A da, kowace shekara, in ruwa ya ja, ana kwashe laka daga reshen ciki. Akwai sandunan ƙarfe da aka binne a ƙasan kogin. Masu haƙa kan ci gaba har sai shebur ya taɓa ƙarfen, daga nan su dakata.