Bai kamata gina manhaja ya zama aikin duhu ba

Duk wanda ya taɓa amfani da Gentoo, wani nau'in tsarin Linux, ko ya sa Nix ko Guix, manhajojin girka shirye-shirye, su gina masa manhaja daga tushen rubutunta, ya san irin zaman jiran da ake yi. Da zarar an ba da umarni, fankar kwamfuta za ta soma ƙugi, allo kuwa ko dai ya yi tsit ko ya cika da rubutun da ido ba ya iya bi. Idan manyan manhajoji irin su Chromium ko LLVM ake ginawa, aikin kan ci sa'o'i, kuma duk tsawon wannan lokaci mai injin bai san ko aikin na tafiya ne ko ya cije ba. A ganina, nuna wa mutum kunshin manhajar da ake ginawa a yanzu da yawan ƙarfin injin da yake ci wajibi ne a kan manhajar da ke kula da kunshe-kunshen, ba kwalliya ba ce da za a bar wa masu sa kai.

Abin ya fi tsanani a Nix da Guix, domin a can ginin ba ya gudana da sunan mai kwamfutar. Wani shiri ne da ke aiki a bayan fage yake rarraba aikin ga asusun gini na musamman, irin su nixbld1 da nixbld2. Wannan keɓewa tana da amfani ƙwarai, tunda ita ce ke hana gini ɗaya gurɓata wani, sai dai wanda ya buɗe htop, shirin da ke nuna ayyukan da ke gudana a kwamfuta, zai tarar da jerin cc1plus, wato shirin da ke fassara rubutun C++, birjik ba tare da ya san na wane kunshi ba ne.

Akwai kuma tarkon lissafi da mutane da dama ke faɗawa. A Nix, saitin max-jobs ne ke ƙayyade gine-gine nawa za su gudana tare, saitin cores kuma ke ƙayyade ayyuka nawa kowane gini zai buɗe. Wanda ya sa takwas a kowanne yana iya wayar gari da ayyuka 64 a lokaci guda. Jagoran Gentoo yana ba da shawarar a ware kimanin gigabait 2 na RAM ga kowane aiki, ke nan injin mai gigabait 16 ba zai kai labari ba. Idan RAM ta ƙare, Linux kan kashe ɗaya daga cikin ayyukan, wani lokaci bayan sa'o'i uku na jira, kuma abin da mutum zai gani bai wuce lambar kuskure 137 ba. Wannan asarar lokaci da lantarki tana ci mini rai, musamman da yake tun da wuri ake iya hango ta.

Wasu za su ce kowane shiri ya tsaya kan aikinsa, sa ido na htop ne. Hujjar tana da ƙarfi, amma manhajar kula da kunshin ce kaɗai ta san wane aiki ne na wane kunshi da matakin da ya kai. Guix ta gane haka har ta samar da guix processes, masu Gentoo kuma suna da genlop mai kintatar lokacin da ya rage, amma duka biyun ba su cika bayyana nauyin da ke kan RAM ba.

Kayan aikin kuwa suna nan tuntuni. Linux tana da cgroups tun 2008, mai ba da damar auna abin da rukunin ayyuka ke ci, sannan sigar 4.20 ta 2018 ta zo da ma'aunin PSI da ke nuna lokacin da ayyuka suka soma jiran RAM. Abin da nake so a gani shi ne umarni guda da zai nuna sunan kunshi, matakinsa, daɗewarsa da RAM ɗin da ya riƙe, kuma manhajar ta dakatar da buɗe sabon gini idan ma'aunin ya nuna injin ya fara numfashi sama-sama.