Ba zuciyar dodo ce ta ɓata yaron ba

Jama'a, yau na ajiye siyasa gefe, fim na kawo muku, kuma tsohon fim: Dragonheart na 1996, wanda Rob Cohen ya ba da umarni, Dennis Quaid ya fito a barde Bowen, Sean Connery kuma ya ari bakin dodon ya yi magana. Duk wanda ya kalle shi yana yaro, abin da zai ce maka ya riƙe shi ne abotar barde da dodo mai fuka-fuki mai aman wuta. Ni kuwa ina ganin abotar nan ado ce kawai aka yi wa labarin. Abin da fim ɗin ya riƙe a ciki tambaya ce mai zafi: idan yaron da ka raina da hannunka, ka koya masa, ka ɗora masa duk burinka, ya tashi azzalumi, wa za ka ɗora wa laifi?

Ga wanda bai gani ba, ga yadda abin yake, kuma zan faɗi ƙarshensa, don haka kada a ce ban yi gargaɗi ba. An kafa labarin a Ingila cikin shekarar 984. Sarki Freyne mugu ne, talakawa suka gaji suka yi masa bore, suka rutsa shi suka kashe. Ɗansa Einon, wanda Bowen ke koya wa takobi da ladabin barade, ya ji mummunan rauni a ƙirji cikin wannan yamutsi, bayan wata yarinya mai suna Kara ta faɗo masa bisa kuskure. Uwarsa, sarauniya Aislinn, ta sa aka ɗauke shi zuwa wani kogo inda dodo yake, ta roƙi a ceci ɗanta. Dodon ya sa yaron ya rantse zai yi mulki da tausayi, sannan ya ɗaga ɓawon ƙirjinsa ya raba zuciyarsa biyu, ya dasa wa yaron rabi. Yaro ya miƙe. Ko rantsuwar ba ta bushe a bakinsa ba ya sa aka kora talakawa aikin tilas na sake gina wata tsohuwar fadar dutse ta Rumawa, ya kuma sa aka ƙone idanun mahaifin Kara, wanda ya ja ragamar boren.

To, a nan nake so ku tsaya. Kafin a je kogon, kafin a yi maganar wata zuciya, mu masu kallo an riga an nuna mana wani abu da Bowen bai gani ba. Uban na kwance cikin jini, da sauran numfashinsa, yaron ya iso kansa. Bai riƙe hannunsa ba, bai yi kuka ba. Kambin sarauta ya kai wa hannu, uban ya riƙe, suka yi ta ja-in-ja, ɗa da uba, har ya fizge. A lokacin nan zuciyar da ke ƙirjin Einon tasa ce ta haihuwa, babu ɗigon jinin dodo a jikinsa. Masu fim sun gama yanke hukunci tun cikin mintunan farko, sauran labarin kuwa kallon mutum muke yi yana gudun wannan gaskiya.

Da Bowen ya ga abin da almajirinsa ya zama, me ya yi? Bai zauna ya tambayi kansa ko ya yi kuskuren karantar yaron ba. Bai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba, alhali ya san uban sarai, da bakinsa ya ce don ɗan kawai ya yi wa uban hidima. Sai ya hau doki ya koma kogo yana ihu cewa zuciyar dodo ce ta gurɓata masa yaro, ya yi rantsuwar sai ya ga bayan dodanni duka. Shekara 12 ya kwashe yana bin su kogo-kogo yana kashewa, ana biyansa da zinariya, har ya rage saura ɗaya tal a duniya, wato shi wanda ya ba yaron rabin zuciyarsa. Ku duba girman abin: mutum ya gwammace ya shafe jinsi guda daga doron ƙasa da ya furta kalma ɗaya, wato "na yi kuskure a kan yaron nan". Kuma ba ya jin yana aikata ɓarna. A ransa ma adalci yake yi.

Wannan hali ba na Turawa ba ne kaɗai, na 'yan Adam ne, kuma kowa a cikinmu ya san muryarsa. "Wallahi yaron nan ba haka yake ba, abokai ne suka ɓata shi." "Matarsa ce ta juya shi." "Hannu aka sa masa." "Shi mai gidan mutumin kirki ne, na kusa da shi ne miyagu." Ban ce ba a taɓa ɓata mutum ba, ana yi. Amma ku lura da wanda ya fi saurin faɗin waɗannan maganganu: wanda idan aka ce halin yaron ne tun asali, to an taɓa shi shi ma, an ce idonsa bai gani ba ko tarbiyyarsa ba ta kama ba. Bowen ba Einon yake karewa ba, sunansa na malami yake karewa. Shi ya sa ranar da suka gwabza da takobi, Einon ya dube shi ya gaya masa cewa bai taɓa yarda da ko kalma ɗaya daga cikin wa'azinsa ba, maimaitawa kawai yake yi don a koya masa faɗa, maganar ta fi saran da ya yi masa ciwo.

Akwai hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda yaran Islamiyya ke haddacewa a cikin Arba'una, cewa a jiki akwai wata tsoka, idan ta gyaru jiki duka ya gyaru, idan ta ɓaci jiki duka ya ɓaci, ita ce zuciya. Ba na cewa masu fim sun san hadisin, kuma ba tafsiri na zo yi da fim ɗin Amurka ba. Abin da ya burge ni shi ne sun gwada wani tunani har ƙarshensa: me zai faru idan aka ɗauki zuciya mafi kyau, aka dasa ta a ƙirjin mugu? Amsarsu: ba abin da zai faru, sai dai mugun ya ƙara tsawon rai. Rabin zuciya ɗaya ce ke bugawa a ƙirjin dodon da na sarkin, ɗaya yana neman tsira, ɗaya yana harbe makaho da kibiya don nishaɗi. Gyaran da ake magana a kai ba a ba da aronsa, ba a gadonsa, kuma malami ba ya iya cusa shi da ƙarfi.

Sai dodon kansa, wanda Bowen ya laƙaba wa suna Draco, sunan wani jerin taurari da ke arewacin sama. A al'adar Kiristocin Turai dodo alamar Shaiɗan ne, haka ya zo a littafin Wahayin Yahaya, kuma waliyyin da Ingila ta riƙa a matsayin majiɓincinta, George, ana zana shi ne a kan doki yana soke dodo da mashi. Mu ma nan ba baƙon zance ba ne, duk wanda ya san labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura ya san jarumi da kisan dodo tare suke tafiya. Fim ɗin ya juya wannan hoton: mai sulke da kwalkwali ya zama ɗan haya mai kisa don kuɗi, dodon ya zama mai lissafin kansa.

Kuma lissafin nasa bai yi wa kansa sassauci ba. Ya gaya wa Bowen cewa a wajen dodanni ba kowa ke samun wuri cikin taurarin nan ba, sai wanda ya cancanta, wanda bai cancanta ba ransa ɓacewa yake yi kamar ba a taɓa yinsa ba. Ya yi zaton ceton yaron zai sasanta mutane da dodanni, ya kuma saya masa wurin. Wato alherin nasa da ɗan ciniki a ciki, kuma ya ga alamar halin yaron amma ya bi fata ya rufe ido. Sakamakon kuwa, muddin Draco na numfashi, Einon ba zai mutu ba, kuma duk raunin da aka ji wa sarkin sai dodon ya ji zafinsa a jikinsa. Ban san hoton da ya fi wannan dacewa da mutanen kirki da ke tsaya wa azzalumi ya hau mulki ba, suna cewa ai ya yi mana alkawari, ai ya rantse. Mutuncinsu ne ke riƙe da ransa. Ba za su iya cewa ba ruwansu ba, don da rabin zuciyarsu yake yawo.

Bambancin Draco da Bowen a nan yake. Su biyun sun yi kuskure iri ɗaya a kan yaro ɗaya. Ɗaya ya nemi wanda zai ɗora wa, ɗayan ya ce nawa ne. Uwar ma, Aislinn da Julie Christie ta fito a matsayinta, ta zo ta gane abin da roƙonta ya haifar, ta yunƙura ta kashe dodon don ɗanta ya mutu, ɗan ya riga ta ya kashe ta. Fim ɗin ya wuce wannan wuri da gudu, alhali a ganina uwar da ta kai ga wannan shawara ta fi ƙarfin 'yan mintunan da aka ba ta.

Yanzu bari in faɗi inda muka raba gari da fim ɗin, don ba yabo kaɗai na zo yi ba.

Haɗuwar Bowen da Draco abin dariya ce mai kyau, ban musa ba. Faɗa ya kai barden yana zaune cikin bakin dodon, ya tokare tsinin takobi a ganɗarsa: idan dodo ya rufe baki takobi ya shige ƙwaƙwalwa, idan barde ya soka haƙora su haɗu a kansa. Haka suka zauna har dare ya yi, kowa ya gaji, har Bowen ya zaro ƙashin hannun wani tsohon barde da ya maƙale tsakanin haƙora. Daga nan suka ƙulla sana'a: dodo ya je ya tsorata gari, barde ya zo ya karɓi jakar zinariya, ya harba ƙaton mashi, dodo ya yi kamar an same shi ya faɗa ruwa. Damfara ce tsagwaronta. Draco da kansa ya tunatar da shi cewa idan ka matse masu sarauta, a jikin talaka suke fanshewa. An faɗi maganar, an yi murmushi, an wuce. Har fim ya ƙare ban ga an mayar wa kowa da ko ƙwandala ba. Dodannin da Bowen ya kashe bisa zargin ƙarya kuwa, ciki har da ta ƙarshe da ta rage wa Draco a jinsinsa, ba a zauna an yi maganar jininsu ba. Bowen ya je Avalon, makwancin sarki Arthur na almara, ya tsaya cikin ruwan sama ya maimaita tsohuwar rantsuwar barade, shi ke nan ya wanku. Mu dai abin da aka karantar da mu, tuban da ya shafi haƙƙin wani ba ya cika sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafiya.

Ita kanta rantsuwar baraden, ta kare mai rauni da faɗin gaskiya, marubutan fim ne suka tsara ta, kuma kada kowa ya ɗauka haka mahayan Turai na wancan zamani suke. A 984 sarkin Ingila na gaske Ethelred ne, babu wani Einon. Shekara biyar bayan haka, a 989, sai da manyan limaman coci suka taru a Charroux ta ƙasar Faransa suka yi shelar tsinuwa ga duk mai ɗauke da makami da ya fasa coci, ko ya doki limamin da ba ya riƙe da makami, ko ya ƙwace wa talaka tunkiya ko saniya ko jaki. Ba a kafa doka a kan abin da ba a yi. Jikokinsu ne suka yi kisan Kudus a 1099, suka kuma wawashe Kustantiniya, birnin 'yan uwansu Kiristoci, a 1204. Ta wannan fuska, Einon mai maimaita rantsuwa da baki ya fi kama da tarihi fiye da Bowen.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Gilbert, malamin cocin nan mai rubuta waƙoƙin yabo da Pete Postlethwaite ya fito a matsayinsa. Ashe gwanin baka ne. Ranar yaƙi ya ɗana kibiya ya saita sarki, bakinsa na karanto umarnin littafinsu na haramcin kisa, hannunsa na rawa, ya saki. Kibiya ta shiga ƙirjin Einon, sai ga Draco ya rikito daga sama. Mutumin ya karya dokar da ya fi tsoro don ya tsai da azzalumi, kuma wanda ya ji ciwon abokinsa ne.

A ƙarshe Draco na ɗaure da sarƙa a fadar sarki, ya tuna wa Bowen alkawarin da ya yi masa a kogo tun farko, cewa takobinsa da hidimarsa nasa ne duk ranar da ya buƙata. Buƙatar ita ce ya kashe shi. Bowen ya ƙi, ya ƙi, sai da Einon ya rugo da gudu sannan ya wurga gatari a ƙirjin abokinsa, su biyun suka mutu tare, dodon ya zama tauraro. Zancen rai ya koma tauraro tatsuniya ce, ba aƙidarmu ba ce, kuma duk uban da zai kalla da yaransa ya kamata ya faɗa musu haka a fili, haɗe da cewa mu a wajenmu mutum ba ya neman a ɗauki ransa don ya wanke laifi. Amma ko a cikin dokar tatsuniyar, ku duba rabon da aka yi. Wanda kuskurensa ya samo asali daga tausayi ya biya da ransa. Uwa ta biya da ranta. Mahaifin Kara ya biya da idanunsa sannan da ransa. Bowen, wanda ya fi kowa zubar da jinin da bai ji ba bai gani ba in ka cire sarkin, shi aka bar wa jagorancin jama'a tare da Kara, mai ba da labari na cewa an shiga zamanin adalci. Ni wannan hukuncin ban sa masa hannu ba, kuma da ni ne alƙalin, sai Bowen ya fara zagaya garuruwan da ya damfara da jakar zinariya a hannu kafin a ba shi ko da sarautar mai unguwa.