Yaron da bai taɓa jin "ba" ba, ta yaya zai karanta ta?

A nan Ingila, yaron da ya kai ƙarshen aji ɗaya na firamare, yana wajen shekara shida, sai an zaunar da shi ya karanta kalmomi 40 da baki. Rabinsu ƙirƙirarsu aka yi, ba su da ma'ana, don a gane ko ya iya haɗa sautin baƙi da wasali ko hadda kawai ya yi. Tun 2012 ake wannan gwaji. Mu ma ai haka muka tashi: ba, bi, bu a boko, babbaƙu da farfaru a makarantar allo, kowa ya ware murya. To kurma fa?

Ni dai a ganina sauti na da amfani gare shi, amma ba da shi ake farawa ba. Harshe ake fara ba yaro, ko na baki ko na hannu.

Kurma yana tsintar wani abu na sauti da ido, daga leɓen mai magana, sai dai abin da leɓe ke nunawa kaɗan ne. Tsaya gaban madubi ka ce bari, ɓari, mari: duk ɗaya za ka gani. Kare, ƙare da gare kuwa can cikin baki ake yin baƙaƙensu na farko, ido ba ya kaiwa. Wannan ne ya sa Orin Cornett, a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Amurka, ya fito da wata dabara a 1966: siffofin hannu takwas a wurare huɗu kusa da baki, don a bambance sautukan da suka yi kama a leɓe. Dabarar na aiki, in an samu iyayen da za su jure mata kullum.

Turawan Ingila suna iya dogara da sauti ne saboda abin da suka tanada tun kafin makaranta. Tun 2006 ake gwada jin kowane jariri a Ingila cikin makonninsa na farko. In an ga matsala, a ba shi na'urar ji kyauta, wani a yi masa tiyata a dasa masa ita a kunne, malamin kurame kuma ya riƙa zuwa har gida. Yaron da ya samu wannan gata, koyar da shi sautin baƙaƙe daidai ne.

Amma su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A taron da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1880 malaman kurame suka yanke cewa a bar hannu, a tilasta wa yara magana da karatun leɓe. Bayan kusan shekara ɗari a kan wannan turba, binciken Reuben Conrad na 1979 ya gano cewa kurman da ke gama makaranta a Ingila da Wales, a tsakaice, karatunsa na ɗan shekara tara ne. A 2011 kuma Rachel Mayberry da abokan aikinta suka tattara bincike masu yawa, suka ga sanin sauti yana bayyana kusan kashi 11 cikin ɗari na bambancin iya karatu tsakanin kurame, ƙwarewa a harshe kuwa kashi 35.

A gida Najeriya fa? Sai yaro ya kai shekara biyu ko uku bai yi magana ba ake fara zargi, shi ma a ce nauyin baki ne, zai yi. Kafin a kai shi makarantar kurame irin ta Tudun Maliki a Kano, sau da yawa lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi kama harshe ya wuce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A can kuma ya tarar da wani rikicin. Gida ana Hausa, majalisar kurame ana maganar hannu tamu ta gargajiya, aji ana alamomin da suka samo asali daga Amurka tun zuwan Andrew Foster, wani malamin kurame Ba'amurke, Ibadan a 1960, littafi kuma Turanci ne. Sannan a ce masa A, apul. Haba!

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da abubuwa biyu da nan Ingila ba su da su kamar mu. Na farko, rubutun Hausa ba ya yaudara irin na Turanci, baƙi ɗaya kusan sauti ɗaya ne. Kuma da yawan kuramenmu ba haka aka haife su ba, sanƙarau ko ƙyanda ne suka tafi da jin bayan yaro ya iya magana. Irin wannan yaro Hausa na nan a kansa da sautinta. In aka fara masa da ita, ba, bi, bu za ta kama. Fara masa da Turancin da bai taɓa ji ba asara ce kawai. Na biyu, Bahaushe ba ya kunyar magana da hannu. Mai shayi da mai kayan miya kowa na taɓawa. A nan sai ka ga maƙwabci ya daskare gaban kurma, duk da dokar 2022 da ta amince da harshen hannu na Birtaniya.

Saboda haka ban goyi bayan a kwaso tsarin sauti na Ingila a zuba wa ajin kurame gaba ɗaya ba. Ranar da aka kawo yaro, malam ya tambayi uwa: yana da shekara nawa ya daina ji, kuma ya taɓa magana? Wanda ya taɓa, a bi da shi ta sautin Hausa. Wanda bai taɓa ba, a haɗa shi da manyan kurame ya ƙoshi da maganar hannu, a koya masa harrufa da yatsu, a riƙa ba shi labari har ya iya mayarwa, uwar ma a ba ta ranar da za ta riƙa zuwa koyo.