Mushen gada a daji saƙo ne, a daina wuce shi

'Yan uwa mafarauta da makiyaya, musamman na kewayen dajin Falgore, su Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, da na fadamun Haɗejiya wajen Baturiya, ga wata magana da nake so mu ɗauka da muhimmanci kafin rani ya yi nisa.

Idan ruwa ya janye, gada da barewa da gadu da shanunmu da awakinmu duk mashaya ɗaya suke haɗuwa. Kaska ɗaya ke cizon su. Don haka duk cutar da ta kama naman daji, ƙofar ruga take ƙwanƙwasawa, daga ruga kuma sai tukunya. Amma har yau idan mutum ya ci karo da mushen gada, iyakarta ya toshe hanci ya wuce, ko ya feɗe fatar, ko ya bar wa karnuka. Wannan mushen kuwa shi ne labarin farko da likitan dabbobi yake bukata.

A jihar Mishigan ta Amurka, tun da aka gano tarin fuka na shanu a jikin barewarsu a shekarun 1990, mafarauta ne ke kai kawunan abin da suka harbo a duba. Mu ma ba mu rasa masu wannan aikin ba. Babu ma'aikacin da ya san daji kamar Sarkin Baka da yaransa.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce cutar saifa, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Suleja a watan Yulin 2023. Alamunta a mushe: dabba ta faɗi ba rauni ba rama, baƙin jini na tsiyaya ta hanci, baki ko dubura, jinin ba ya daskarewa, ciki ya kumbura da wuri, gaɓoɓi kuma ba su sandare sosai ba. In ka ga haka, don Allah kada wuƙa ta taɓa ta. Ƙwayar cutar tana cikin jini, da zarar ta sha iska sai ta yi wa kanta sulke, ta zauna a ƙasa shekaru gommai tana jiran saniyar da za ta yi kiwo a gurin. Mushen da ba a buɗe ba, zafi da ruɓa suna kashe mafi yawan ƙwayoyin a ciki. Ka ɗaure karnuka, ka rufe mushen da ƙaya saboda ungulu da dila, ka kira malamin dabbobi a ranar. Shi zai ɗebi ɗigon jini daga kunne ko hanci da safar hannu. Bayan haka a ƙone mushen a inda yake har ya zama toka. In babu itace, a haƙa rami mai zurfin mita 2 nesa da rijiya da mashaya, a binne har da ƙasar da jinin ya taɓa. Jan mushe a ƙasa zuwa wani guri shuka cutar ne a kan hanya.

Na san Musulmi ba ya cin mushe. Inda muke faɗawa shi ne dabbar da aka samu tana layi, aka yi maza aka yanka kafin rai ya fita, da kuma fatar da ake ƙyashin bari. Wanda ya feɗe, in ƙurji ya fito masa a hannu ko wuya, mai baƙin ɓawo a tsakiya da kumburi a gefe, galibi ba zafi, ya je asibiti ya faɗi abin da ya taɓa. Da wuri ana warkewa.

Sai naman da aka harbo da lafiyarsa. Lokacin fiɗa a duba huhu da kaluluwar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi, bayan maƙogwaro da tsakanin huhu biyu. In ka ga ƙulluttai masu ruwan ɗorawa, cikinsu kamar cuku, wuƙa na jin tsakuwa-tsakuwa, ana zargin tarin fuka ne. A yanki yanki kamar girman goro, a sa a leda biyu a ƙulle, a ajiye a kula mai ƙanƙara, ya isa asibitin dabbobi cikin kwana ɗaya ko biyu. Nan ne aiki ya fi lalacewa. Wani ya barbaɗa gishiri, wani ya shanya, wani ya rataya a kan babur cikin ranar Afrilu, kafin a kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom babu abin da za a iya ganowa. Jinin da aka ɗiba a kwalba kuma sanyi yake so, amma in ya zama ƙanƙara ya ɓaci. Takardar shaida a rubuta ta da fensir, domin tawadar biro tana narkewa a cikin danshi: kwanan wata, sunan guri, irin dabba, mace ko namiji, guda nawa aka gani, da mashayar da ta fi kusa. Kaskar da aka gani a jikin dabbar kuma kada a murƙushe ta da farce, don tana iya ɗauke da cuta.

Wani zai ce to a ƙarar da naman dajin mana a huta. Ban yarda ba. Sau da yawa daga garke cutar ke shiga daji, kuma barewar ma nawa ta rage? Cutar bushiya da ta ci shanu da namun daji tare, allurar da aka yi wa shanu ce ta kawar da ita, har aka ayyana ƙarshenta a duniya a 2011. Haka saifa: rigakafi sau ɗaya a shekara kafin damina, kuma kada a haɗa shi da allurar kashe ƙwayoyin cuta a lokaci guda, don tana kashe ƙarfinsa.

Abin da ke hana maharbi magana shi ne tsoron a ce me ya kai shi dajin gwamnati. Ina roƙon hakimai da dagatai su zauna da Sarkin Baka da arɗo da malamin dabbobi, a yi alkawari a bainar jama'a cewa wanda ya kawo labarin mushe ba za a kama shi a kan labarin ba, a ba kowace ƙungiyar farauta lambar waya ɗaya da safar hannu da leda, sakamakon gwaji kuma a dawo da shi ƙauyen da ya aiko.