Ranar da babbar rigata ta yi zagayen Kristi Sarki

Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare, kuma abu biyu na fito da su bayan ritaya: ciwon baya da jan biro. Biron nan ba ya barin aljihuna. Katin ɗaurin aure ne, takardar sanarwar coci ce, ko rasidin mai gyaran babur, da na ga kuskure sai na ja masa layi. Shi ya sa a ƙarshen Oktoban 2023, da dattijon da ke kula da ɗakin kayan Misa a cocinmu ya tafi Abuja wurin ɗansa a yi masa aikin ido, Baba Katikis, mai koyar da addini a cocin, bai tsaya dogon tunani ba. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Ticha, kai ne mai ilimi a cikinmu, riƙe wannan kafin ya dawo."

Mu Katolika ba ma yi wa coci ado yadda muka ga dama. Kowane lokaci da launinsa. Kore na ranakun yau da kullum ne, fari na manyan bukukuwa, ja na shahidai, shunayya kuma ta jira ce da tuba da juyayi. Labulen gaban bagade, da na mumbari, da ƙyallayen bango, da rigar da Fada zai sa, dole bakinsu ya zo ɗaya. Aikina ke nan, kuma na raina shi tun ranar farko. Mutumin da ya riƙe rajistar yara 70 a aji ɗaya, launi huɗu ne za su gagare shi?

A bayan ƙofar ɗakin akwai wata kalandar coci rataye a ƙusa, kowace rana da sunan tsarkakan da ake tunawa da launin da za a sa. Gara ta cinye samanta, amma sauran lafiya lau. Ranar da na fara duba ta na kama kuskure. Ta ce Lahadi 6 ga Nuwamba ce, wayata ta ce 5. Na girgiza kai, na ce masu buga takardun zamanin nan sai addu'a. Na zaro biro na bi Lahadin watan ɗaya bayan ɗaya ina rage musu kwana guda. Har a gefe na rubuta "A gyara", na ja layi biyu.

Farkon watan ya tafi mini daidai, shi ne ma ya ƙara kumbura mini kai. Ranar 1 ga wata, bikin Dukan Tsarkaka, na sa fari. Washegari, ranar tunawa da matattu, na sa shunayya, muka ɗunguma maƙabarta da fartanyu da kyandir, iskar hunturu da ta fara leƙowa tana kashe mana su muna sake kunnawa. Lahadin 12 ga wata muka yi godiyar kaka, aka cika gaban bagade da damman dawa da doya da kaji, har da wani bunsuru da ya yi ta amsa wa 'yan kwaya. Bisharar ranar labarin 'yan mata goma ce, biyar masu wayo, biyar da suka zo da fitilu ba mai. Na tuna sarai na yi musu dariya a raina. Na ce yaya mutum zai san ango na tafe ya kasa shiri?

Ina da wani hali da ya kamata in faɗa tun yanzu. Sanarwar cocinmu ta fi wa'azi tsawo, don haka da sakatare ya hau da takardunsa nake sulalewa ɗakin kaya in turo ƙofa in miƙe ƙafa.

Ranar Juma'a 17 ga wata zazzaɓi ya kayar da ni. Na aika wa Baba Katikis makulli, na kwanta. Ranar Lahadi ina kwance na buɗe ɗan littafin da na kwafe kalandar a ciki, sai na ga an rubuta Kristi Sarki. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji. Ba don ba na son bikin ba. Tarihinsa ma a kaina yake: Paparoma Pius na 11 ne ya kafa shi a 1925, ana yi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sai Paparoma Paul na 6 ya mayar da shi Lahadin ƙarshe ta shekarar coci a 1969. A Najeriya kuma ranar ake fita zagaye da Sakramenti Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake a Misa, domin asalin lokacin zagayen yana faɗowa ne cikin damina, ruwa ya hana. To zagayen nan shi ne matsalata. Awa uku a rana, ana tafiya ana durƙusawa a kan titi, ga bayana yadda yake. Na ce ashe zazzaɓi ma yana da ranarsa.

Uwargida ta dawo wajen sha ɗaya da rabi. Na ce, "Har an gama?" Ta ce an gama. Na ce lallai sabon Fadan nan yana da tausayi, na juya na ci gaba da barci. Cikin makon nakan jiyo ganguna da yamma daga can wajen coci, sai in ce ai 'yan kwaya ne ke hidimar Sisiliya Mai Tsarki, uwar mawaƙa, wadda ranarta 22 ga wata ce. Kowace alama da Allah ya aiko mini, sai da na samo mata bayani.

Asabar 25 ga wata na miƙe garau, na karɓo makullina. Kalanda ta ce gobe Lahadin farko ta Adben, makonnin jiran haihuwar Almasihu, sabuwar shekarar coci. Na ce zan nuna musu bambancin mai ilimi da wanda ya gaji aiki. Tsohuwar shunayyar cocin ta koɗe, don haka na shiga kasuwa na yanko yadi 6 da kuɗin aljihuna. Na ɗauraye shi a babban baho don sitacin ya fita, na shanya, iskar hunturu ta busar da shi kafin in gama shan kunu.

Uwargida tana tsakar gida tana goge kayan Zumuntar Mata, ga tukunyar zoɓo a wuta wadda za ta ishi unguwa. Ta kalli yadin ta ce, "Baban yara, wannan shunayyar fa?"

Na ce, "Gobe Adben."

"Gobe?"

"Maman yara, abin da ke rubuce nake faɗa miki. Ku ku ji da tulunku da waƙarku, ku bar mana lissafi."

Ta aje dutsen guga, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Ticha." Shekara 31 muna tare, ba ta ce mini Ticha sai in ta hango rami a gabana. Ban lura ba.

Da dare, bayan masu furta zunubi sun watse, na shiga na lulluɓe cocin da shunayya tun daga bagade har ƙofa. Sannan na kwaso duk fararen kaya, tunda a lissafina ba su da aiki sai nan gaba, har da farin ƙyallen rumfar nan mai sanduna huɗu da ake ɗaga wa Sakramenti. Na ɗaure su a babur na kawo gida. Mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka a satin, ga kuma bahon ɗazu cike da ruwa, ɗan duhu kawai ya yi. Na zuba omo, na danna su ciki, na ce su kwana su jiƙu.

Ƙarfe shida na safe na doshi coci ina fito. Tun daga nesa na hango motoci sun sauke mutanen ƙauyuka, samari da tutoci fari da rawaya, yara mata da kwandunan furanni, mata da tuluna da kacau-kacau. Na ce ikon Allah, bana mutane sun ɗauki Adben da muhimmanci. A bakin ƙofa na tarar da Baba Katikis tsaye, hularsa a hannu, yana kallon ciki. Bai amsa gaisuwata ba. Can ya juyo a hankali ya ce, "Ticha, wa ya rasu?"

Na ja shi ɗakin kaya in nuna masa hujja. Muna cikin haka Fada ya shigo. Yaro ne, sa'an ɗana na biyu, mai ladabi ƙwarai. Ya ɗaga shafin Nuwamba, ya ɗaga na Disamba, ya sa yatsa a can ƙasa inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: 2022.

Ya ce, "Baba Ticha, ta bara ce."

Ya yi mini bayanin abin da ni da kaina na sha koya wa yaran katikisim. Adben Lahadi huɗu ne kafin Kirsimeti, don haka farkonsa yana yawo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A 2022 ya faɗo ranar 27, ba ya taɓa yin wuri fiye da haka. A 2023 sai 3 ga Disamba, ba ya taɓa yin latti fiye da haka. Wato duk cikin kalandun duniya, wadda ta fi sauri na ɗauko a shekarar da ta fi nawa. Sai idonsa ya kai kan jan birona. Ya karanta "A gyara", ya cije leɓe, ya ce, "Baba, maki nawa ka ba su?"

Baba Katikis bai ga abin dariya ba. Ya ce, "Ina fararen?"

Ban taɓa tuƙa babur irin na ranar ba. Na isa gida na tsoma hannu a baho na ɗago ƙyallen rumfa. Ruwan hoda. Na ɗago labulen bagade, ruwan hoda. Yadin kasuwa ya zuba, fararen cocinmu kaf sun kwana suna sha. Na tsuguna gaban bahon kamar mai zaman makoki, ido ya raina fata.

Matan Zumunta ne suka cece ni, waɗanda na ce su bar mana lissafi. Shugabarsu ta tafa hannu sau biyu, kafin minti 20 an buɗe akwatuna a gidaje an kawo fararen leshi, aka sauke shunayyata aka naɗe ta kamar tabarmar baƙon da ya daɗe. Bagade ya fito fes, ya ma fi na kullum kyau. Saura rumfa, wadda ke son ƙyalle mai faɗi, ga shi babu. Ana ta shawara sai na ji wata murya da na sani ta ce, "Mama, akwai wata babbar riga a gidanmu, farar shadda, ko sau ɗaya ba a sa ta ba."

Rigar Kirsimetina. Wata uku ina biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan. Na buɗe baki, uwargida ta ce, "Ko akwai gyara, Ticha?" Na rufe.

Bisharar ranar daga Matiyu sura 25 ce, inda Sarki zai ware tumaki a damansa, awaki a hagunsa. Kujerata tana bakin ɗakin kaya, daidai hannun hagun Fada. Duk lokacin da ya ce awaki, sai in ga kawunan mata sun juyo gaba ɗaya kamar an ja su da zare.

Da aka fito zagaye Baba Katikis ya damƙa mini sandar gaba ta rumfar, ya ce tunda rigata ce ni na fi sanin yadda za a lallaɓa ta. Gaskiya ta yi kyau a sama, aikin wuyan yana ta walƙiya. Matsala ɗaya ce: babbar riga tana da wuya, wuyan kuma rami ne. An toshe shi da farin ɗankwali, amma ba mu kai kwanar farko ba iska ta yi gaba da shi. Rana ta samu ƙofa. Ta sauko ta ramin nan ta sauka daidai tsakiyar kan Fada, wanda gashinsa ya fara sallama tun yana makarantar fada. In na matsa dama hasken ya bi shi, in na matsa hagu ya bi shi. Wata tsohuwa daga ƙauye ta hango haske a kan Fada shi kaɗai, ta rangaɗa guɗa, ta zube a ƙasa. Ban iya ce mata komai ba. Shi kuwa bawan Allah ya riƙe Sakramenti da hannu biyu, gumi na bin fuskarsa, bai ko ɗaga ido ba.

Mun durƙusa a duk inda aka tsaya, a kan kwalta mai zafi, bayana yana kirga mini zunubaina. Maƙwabtanmu Musulmi sun fito bakin shaguna suna kallo kamar yadda suka saba kowace shekara, wasu na miƙo wa yara ruwa. Muna zuwa layin kasuwa na hango Alhaji tela a ƙofar shagonsa, tef a wuya. Ya kalli rumfa. Ya cire tabarau ya goge ya sake kallo. Sai ga shi ya biyo gefen layi, ya daidaita tafiyarsa da tawa, ya rage murya saboda girmama abin da muke yi.

"Malam, wancan ba ɗinkina ba ne?"

Na ce, "Alhaji, muna cikin addu'a."

"Na gani. Ai da ka ce ta ɗakin ibada ce da na rage maka wani abu." Ya ɗan yi shiru, muka yi taku kamar biyar. "Amma dai ka san saura 6,000."

Lahadin da ta biyo, 3 ga Disamba, shunayyata ta hau bango da izinin kowa. Bisharar Markus ce, inda ake cewa a zauna a faɗake don ba a san lokacin da maigida zai dawo ba. Ranar ban shiga ɗakin kaya lokacin sanarwa ba, na saurare ta har sunan wanda ya manta lema.

Kayan bahon kuwa Fada ya hana a zubar. Lahadi ta uku ta Adben ita ce ta farin ciki, ranar da aka yarda a sa ruwan hoda, launin da sau biyu kacal ake amfani da shi a shekara, shi ya sa ƙananan coci irin tamu ba sa wahalar sayensa. Ranar 17 ga Disamba muka shimfiɗa su. Wata Sista da ta zo mana baƙunta ta tsaya bayan Misa tana yabo, ta ce ta zaga coci da yawa ba ta ga inda aka kula da wannan ba. Fada ya nuna ni ya ce, "Aikin Baba Ticha ne, tun Nuwamba ya shirya." Uwargida ta kama tari har sai da aka ba ta ruwa.

Na sa rigata ranar Kirsimeti, da huda huɗu a gefuna da ƙamshin turaren da wanki biyu bai fitar ba. Bayan Misa na tarar da Baba Katikis a ɗakin kaya yana rataye sabuwar kalanda, ya zagaye 2024 da gawayi. Ina sa ƙafa ya miƙo mini hannu. Na ɗauka barka da Kirsimeti zai yi mini, na miƙa nawa.

Ya ce, "Biron."