Ba sai ka yi bikinsa ba, amma ka bar shi ya yi

Duk shekara da Disamba ta kama sai a taso da tsohuwar gardama a Facebook, wai ya halatta Musulmi ya ce wa Kirista barka da Kirsimeti ko bai halatta ba. Malamai sun yi saɓani, kowa da wanda yake bi, ni kuma ba raba wannan gardamar na zo yi ba. Abin da ke ci min rai shi ne mun maƙale a kan gaisuwa, mun bar abin da babu saɓani a kansa ko kaɗan, wato kada ka ɓata wa mutum ranar da yake girmamawa.

Mutum zai ɗora hotonsa da iyalinsa ranar bikinsu, yara na ta dariya, kawai sai wani da ko sallama bai yi ba ya faɗo ƙasan hoton yana zagin abin da suke bauta wa, kuma yana ganin wa'azi ya yi. Wallahi ba wa'azi ba ne. Suratul An'am aya ta 108 ta hana wannan ƙarara, har da dalili, don kada su rama su zagi Allah cikin rashin sani. Shi ma Kiristan da ke yi wa mai azumi ba'a ya koma Romawa 12:18, inda Bulus ya ce a yi iyakar ƙoƙari a zauna lafiya da kowa.

Kuma fa bukukuwan nan haɗuwa suke yi ko mun so ko mun ƙi, tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A Afrilun 2022 Ramadan da Ista da Idin Ƙetarewa na Yahudawa duk wata ɗaya suka faɗo. A 2025 Kiristoci da yawa sun fara azuminsu na kwana 40 ranar 5 ga Maris, lokacin Musulmi na makon farko na Ramadan. Mutum biyu a ofis ɗaya, kowa da ibadarsa.

Ni a wurina mutuntawar ta fi fitowa a wurin aikin da ba a rufewa, kamar asibiti. Nas Kirista ta karɓi dutin abokiyar aikinta ranar Sallah don ta samu zuwa idi, ita kuma ta rama mata ranar 25 ga Disamba, babu wadda imaninta ya ragu. Haka maganar lasifika, masallaci ne ko coci, in ka san maƙwabta na tsakiyar ibadarsu, don Allah ka rage ƙara har su idar.